Gida da Zamani: Labarin Bidiyon da Ya Ƙi Buɗuwa a Kwamfutar Allo

 

A wannan fitowar mun ɗauko wata wasiƙa da wata uwargida ta aiko mana daga Maraɗi, domin mun ga amsarta za ta amfani gidaje da yawa. Ta ce shekarun baya maigidanta ya tara waɗansu darussan yara a tsohuwar kwamfutarsa ta tebur, na koyon baƙaƙen Larabci da na Faransanci da na lissafi, irin waɗanda yaro zai nuna harafi ya ji an furta masa shi. A cikin kwamfutar kuma akwai bidiyon walimar saukar karatun babbar ɗiyarsu. Da kwamfutar ta tsufa, sai aka kwashe abin da ke cikinta aka zuba a katin memori, aka sa a kwamfutar allo ta jikokinsu, wadda jama'a suka fi sani da tabilet. Ko ɗaya bai buɗu ba. Ɗanta ya shiga intanet neman mafita, sai wani saƙo ya faɗo masa yana cewa sai an sauke wata manhaja mai suna Flash Player tukuna. Tambayar Hajiya guda biyu ce: su sauke ko kada su sauke? Kuma shi ke nan kayan nan sun salwanta?

Amsar tambaya ta farko gajera ce, kuma gara mu faɗe ta tun ba mu yi nisa ba: kada a sauke, Hajiya. Dalili zai zo a gaba. Ita kuwa tambaya ta biyu, ba za ta amsu ba sai mun ɗan koma baya.

Waɗanda suka fara shiga intanet a farkon shekarun 2000, lokacin da sai mutum ya je siber a Yamai ko Damagaram ya biya kuɗin awa guda, za su tuna cewa manhajar da ake buɗe shafuka da ita, wato burauza, rubutu da hoto kawai ta iya nunawa. Idan shafi yana ɗauke da murya ko hoto mai motsi, sai ta nemi taimakon wata ƙaramar manhaja da ake haɗa mata daga waje. Mu kira ta ɗan rakiya. Misalinta kamar baƙon da ya shigo kasuwa bai jin harshen garin: duk cinikin da zai yi sai da tafinta a gefensa, in tafinta bai zo ba, ciniki ya tsaya. Ƴan rakiyar nan suna da yawa a wancan zamani. Akwai RealPlayer, wanda mutane da dama suka fara sauraron gidajen rediyon ƙasashen waje da shi ta intanet. Akwai QuickTime na kamfanin Apple, da Windows Media Player, da Java, daga baya kuma Silverlight na Microsoft ya shigo a 2007. Sau nawa mutum ya biya awa guda, rabinta ta ƙare yana jiran ɗan rakiya ya gama sauka, mai shago kuma yana kallon agogo!

A cikinsu duka, Flash ne ya yi zarra. An fara fitar da shi a Amurka a 1996 da sunan FutureSplash, kamfanin Macromedia ya saye shi a wannan shekarar ya sauya masa suna, sannan a 2005 kamfanin Adobe ya saye Macromedia baki ɗaya. Abin da ya ba shi farin jini shi ne rashin nauyi. Maimakon ya aiko da zane ɗigo bayan ɗigo, sai ya aiko da umarnin yadda za a zana shi, kwamfutar mai kallo ta zana da kanta. Saboda haka ko layin intanet mai tafiyar hawainiya yana iya ɗaukarsa. A 2002 aka ƙara masa ikon nuna bidiyo, kuma da YouTube na Amurka da Dailymotion na Faransa suka bayyana a 2005, dukansu a kansa suka dogara. Wasannin yara, darussan makaranta, tallace-tallace, takardun da ake cikewa a shafukan ma'aikatu, duk aka yi ta gina su da shi. Da yake kusan kowace kwamfuta tana da shi, sai mutane suka ɗauka wani ɓangare ne na intanet ɗin kansa.

To, a nan gizo ke saƙa. Harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi ba mallakar kowa ba ne. Akwai ƙungiyoyi na duniya da ke tsara ƙa'idojinsa, kowa yana iya karantawa ya yi aiki da su. Shi kuwa Flash Player dukiyar kamfani ɗaya ce. Kamfanin ne ke gyara shi, shi ke yanke shawarar na'urar da zai yi aiki a kanta, shi kuma ke da ikon cewa ya isa haka. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, amma shekara goma sha ana tafiya da zanen nan ba wanda ya waiwaya.

Ranar 27 ga Janairu 2010, shugaban kamfanin Apple na lokacin, Steve Jobs, ya zauna a kujera gaban ƴan jarida a birnin San Faransisko yana nuna sabuwar na'urarsu mai suna iPad. Ya buɗe shafin jaridar New York Times, sai ga wani gurbi a tsakiyar shafin babu komai cikinsa sai wata ƴar alama shuɗiya, wadda ke nufin an nemi ɗan rakiya ba a same shi ba. Jama'a suka gani, magana ta bazu. A gaskiya ba sabon abu ba ne, domin wayar iPhone tun fitowarta a 2007 ba ta karɓar Flash. Amma waya ƙarama ce, ana yi mata uzuri. Ita wannan mai faffaɗan allo, da aka ce an yi ta ne domin karatu da kallo, ta yaya za ta kasa nuna abin da kowace tsohuwar kwamfuta ke nunawa?

Da surutu ya yi yawa, a ranar 29 ga Afrilu 2010 Steve Jobs ya fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kare matsayinsu. Hujjojinsa shida ne, amma guda uku ne suka fi shafar mai amfani da na'ura a gida, kuma sun cancanci a tsaya a kansu.

Ta farko batun batir ce. Bidiyo a matse yake zuwa, sai an kwance shi kafin a nuna. A cikin wayoyi da kwamfutocin allo akwai wani ɗan sashe da aka ƙera musamman domin kwance irin matsin da ake kira H.264, yana yin aikin ba tare da shan wuta da yawa ba. Yawancin bidiyon Flash na wancan lokaci kuwa da wani tsohon matsi aka yi su, wanda sai babbar ƙwaƙwalwar na'urar ta yi aikin da kanta. Ya ce a iPhone hanya ta farko tana kai awa 10 ana kallo, ta biyu kuwa ba ta kai awa 5. Mu da muka san darajar caji, a garuruwan da ake ɗauke wuta a tsakiyar bazara, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan wannan.

Ta biyu batun taɓawa ce, kuma ita ce ta fi kusa da darussan da ke cikin katin Hajiya. An yi Flash ne domin kwamfutar tebur mai linzami, ɗan abin nan da ake ja da hannu kibiya tana yawo a allo. Masu tsara darussa sukan yi shi yadda idan yaro ya ɗora kibiyar a kan harafi, ko bai latsa ba, harafin zai yi magana ko ya buɗe wani abu. To yatsa ba ta da wannan matsayi na tsakiya: ko dai ta taɓa gilashi, ko ba ta taɓa ba. Don haka ko da an ce Flash ya yi aiki a kwamfutar allo, da yawa daga cikin abubuwan da aka gina da shi sai an sake su daga tushe.

Ta uku ita ce tsaro. Manhajar da ke cikin kusan kowace kwamfuta a duniya, wadda kuma kowane shafi ke iya ba ta umarni, ƙofa ce da ɓarayin intanet ba za su daina ƙwanƙwasawa ba. Shekara da shekaru ana gano ɓaraka a cikinsa, ana toshewa, wata na ɓullowa.

Amma kada mai karatu ya ɗauka Apple ya yi wannan ne don tausayin jama'a kawai. Duk wasan da yaro ya buga kyauta a shafin intanet ta hanyar Flash, wasa ne da ba a saya a kantin manhajojin Apple ba, inda a wancan lokaci kamfanin yake karɓar kashi 30 cikin ɗari na kuɗin ciniki. A cikin wannan watan na Afrilu ma Apple ya sauya dokokinsa ya hana shigo da manhajojin da aka gina da kayan aikin Adobe, sai a Satumba ya sassauta. Shi kansa H.264 ɗin da ake yabo, akwai kamfanonin da ke riƙe da haƙƙin mallakarsa. A namu ganin, rigima ce ta ƴan kasuwa biyu a kan wa zai riƙe makullin ƙofa, sai dai aka yi dace hujjojin ɗaya daga cikinsu a kan batir da yatsa da tsaro gaskiya ne.

Abokan hamayyar Apple suka ga dama ta samu. A tsakiyar 2010 aka fitar da Flash Player 10.1 domin tsarin Android 2.2, masu ƙera kwamfutocin allo irin su Samsung da Motorola da masu BlackBerry suka riƙa tallan cewa tasu na'urar tana nuna intanet cikakke. Mu ma a gidanmu mun taɓa ɗanɗana wannan alkawari. Wani ƙanenmu ya dawo daga tafiya a 2011 da irin wannan na'ura, muka taru bayan sallar isha'i za mu kalli wani bidiyo. Ya buɗu, ba mu ce bai buɗu ba. Amma hoto yana tsalle, murya ta riga baki, bayan na'urar ya yi zafi kamar an ɗauko ta daga rana, maɓallin tsayarwa kuma ƙanƙane ne har yatsar babba ba ta iya samunsa. Kafin a kai ƙarshe batir ya yi ja, yara suka watse.

A ɓangaren iPad kuma waɗansu suka ɓullo da dabara. Burauzoji irin su Skyfire da Puffin sukan buɗe shafin a manyan kwamfutocinsu da ke wata ƙasa, su sarrafa abin da ke ciki, sannan su turo wa mai kallo sakamakon. Lokacin da Skyfire ya shiga kantin Apple a Nuwamba 2010, jama'a suka yi masa rubdugu har masu shi suka dakatar da sayarwa cikin ƴan awoyi, domin kwamfutocinsu sun kasa ɗaukar nauyin. Dabara ce mai kyau, sai dai mutane kaɗan ne suka tsaya suka yi tunanin cewa duk abin da suka buɗe ta wannan hanya yana bi ta hannun wani ne kafin ya iso gare su.

Adobe da kansa ya sallama. A ranar 9 ga Nuwamba 2011 ya sanar da cewa ya daina gina Flash Player domin burauzar waya da ta kwamfutar allo, a Agusta 2012 kuma aka daina ba sababbin na'urori damar sauke shi daga kantin Google. Ke nan duka rayuwarsa a kwamfutar allo ta Android ba ta wuce shekara biyu da ƴan kai ba. A halin nan kuma sabon tsarin rubuta shafuka mai suna HTML5, wanda aka tabbatar da shi a Oktoba 2014, ya koya wa burauza nuna bidiyo da kanta ba tare da tafinta ba. YouTube ya mayar da shi babbar hanyarsa a Janairu 2015. Burauzar Chrome ta rufe ƙofa ga tsofaffin ƴan rakiya irin su Java da Silverlight a wannan shekarar, Firefox ta bi sahu a 2017. A Yuli 2017 Adobe ya ba da wa'adi, ranar 31 ga Disamba 2020 ya janye hannunsa, sannan daga 12 ga Janairu 2021 manhajar da kanta ta fara ƙin buɗe komai, domin an riga an dasa mata wannan umarni a ciki.

An ba duniya sanarwar fiye da shekara uku, amma duk da haka ranar ta riski waɗansu ba su shirya ba. Hukumar tara haraji ta Afirka ta Kudu tana da takardun da ake cikewa ta intanet waɗanda aka gina da Flash. Da suka daina buɗuwa a Janairu 2021, sai da hukumar ta fitar da wata burauza tata ta musamman domin jama'a su iya sauke nauyin da ke kansu. In hukuma mai ma'aikata da kasafin kuɗi ta makara haka, babu abin kunya ga uwargidan da ta tarar darussan jikokinta sun kulle.

Yanzu mu dawo kan katin Hajiya. Abu na farko shi ne a duba ƙarshen sunan kowane fayil, wato haruffa ukun da ke bayan ɗigo, domin kayan iri biyu ne, kuma makomarsu ba ɗaya ba ce.

Wanda sunansa ya ƙare da flv, bidiyo ne na sosai, an dai zuba shi ne a mazubin Flash. Wannan albishir ne. Muna kyautata zaton bidiyon walimar yana cikin wannan rukuni. Manhajar VLC, wadda ɗaliban wata makarantar injiniyoyi ta Faransa suka fara, kuma ake ba da ita kyauta, tana buɗe shi a kwamfutar allo da ta tebur ba tare da neman Flash ba. A sauke ta daga kantin manhajoji na hukuma da ke cikin na'urar. Bayan an gan shi ya buɗu, kada a tsaya nan: a nemi wanda ya iya ya juya shi zuwa mp4, wanda kowace waya ke karantawa a yau, VLC ɗin ta kwamfutar tebur ma tana iya wannan aiki. A ajiye kwafi biyu a wurare biyu, a kuma bar na asalin kada a goge. Katin memori abu ne mai mutuwar fuju'a, ba ya jinya.

Wanda ya ƙare da swf kuwa, ba bidiyo ba ne, ƴar ƙaramar manhaja ce mai jiran a taɓa ta ta amsa, kuma darussan haruffa da na lissafi galibi irinta ne. Ba a juya ta zuwa mp4 kamar yadda ake juya bidiyo. Amma waɗansu masu sa kai sun gina wata manhaja mai suna Ruffle, wadda ke kwaikwayon aikin Flash Player da kayan aikin burauzar zamani. Babbar ma'ajiyar nan ta Internet Archive ta fara amfani da ita a Nuwamba 2020 domin ceto tsofaffin wasanni da zane-zane masu motsi. Abin dariya a nan shi ne, ta wannan hanya iPad ɗin da ta ƙi Flash a 2010 tana iya nuna waɗansu daga cikin kayansa a yau. Sai dai mu faɗi gaskiya, ba kowane fayil Ruffle ke buɗewa daidai ba. Tsofaffi masu sauƙi sun fi tafiya lafiya. Darasin da aka gina shi yana ɗauko muryoyinsa daga wani shafi da ya riga ya rufe, wannan babu mai dawo da shi. Wanda kuma aka tsara domin kibiyar linzami zai fi daɗin aiki a kwamfutar tebur, saboda dalilin da muka ambata a baya. Shawararmu ita ce a fara gwadawa a can.

Akwai kuma hanya ta uku da mutane kan manta. Idan tsohuwar kwamfutar maigida tana nan, kuma tana iya tashi ko da da ƙyar, mai yiwuwa tsohon Flash ɗin da ke cikinta ya girmi wancan umarni na kullewa, zai kuma ci gaba da buɗe darussan. A yi amfani da ita a haka, amma kada a haɗa ta da intanet, domin babu mai toshe ɓarakarta yanzu. Darasin da aka fi so, a kunna shi a ɗauke shi da kyamarar waya daga farko har ƙarshe. Ba zai amsa taɓawar yaro ba, amma murya da hoto sun tsira. Fayafayan CD na asali ma, in suna nan, kada a zubar.

Saura batun saƙon da ya faɗo wa ɗan Hajiya. Tun 2012 babu Flash Player na gaskiya da ake ba sabuwar kwamfutar allo ta Android, tun ƙarshen 2020 kuma Adobe ya cire shi daga shafinsa. Saboda haka duk saƙon da ya ce a sauke shi ko a sabunta shi a waya ko a kwamfutar allo, tarko ne. Wannan yaudara ta daɗe: tsakanin 2011 da 2012 wata muguwar manhaja da ta fara yaɗuwa da rigar Flash Player ta kama kwamfutocin Apple kimanin 600,000. A kan Android irin waɗannan sukan nemi izinin karanta saƙonni da ganin abin da ke kan allo, da haka suke sace lambobin sirri. A yau da iyalai da yawa ke karɓar kuɗi da aikawa ta waya, kuma sau da yawa na'urar da yara ke wasa da ita ita ce ke ɗauke da lambar uwa ko uba, asarar ba ƙarama ba ce. Idan an riga an latsa an sauke, a cire manhajar nan take, a sauya lambobin sirri ta wata na'ura daban, in kuma ta ƙi fita, a kwashe hotuna a mayar da na'urar yadda ta fito daga kamfani.

Muna roƙon Hajiya ta sake rubuto mana ta faɗa mana haruffa ukun da ke ƙarshen sunayen fayilolin, da kuma ko tsohuwar kwamfutar tana nan. A gaishe mana da maigida da jikoki. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.

Wassalam.